Wasanni Huɗu Kafin Azumi

Bana da ɗari wata ƙungiyar matasa masu wasan kwaikwayo a nan Damagaram za ta hau dandamali da wasanni huɗu, biyu tsofaffi, biyu sababbi. Kowane wasa za a yi shi Asabar biyu a jere, bayan sallar isha'i, a fili marar rufi, babba ya biya dala ɗari, yaro dala arba'in. Tun da hoton takardar tsarin ya fara yawo a wayoyi ake ta gardama a kansa a fada da majalisun unguwa. Samari na cewa me ya kai ƙungiyar tono wasannin zamanin kakanni, alhali ga labarin yau birjik a kan titi. Dattawan da suka ga teyatur lokacin da yake tashe kuwa cewa suke a bar musu abinsu yadda yake a cikin kansu, kada yara su taɓa su ɓata. Kowane ɓangare ya fi son a raba tsarin gida biyu ya ɗauki rabinsa. Ni a wurina haɗin nan shi ne abu mafi daraja a takardar, kuma dalilina yana cikin yadda aka gina teyatur ɗinmu tun farko.

Duk wanda ya san garin nan zai yaba wa waɗanda suka zaɓi lokacin. Wasa a fili ba ya yiwuwa da damina, hadari ɗaya ya isa ya watsa taro. Da bazara ko bayan isha'i bango bai gama amayar da zafin rana ba, ba mai zama awa biyu a kan benci. Ɗari ne ya rage: an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, ɗan abin kashewa ya samu, mutum ya yafa bargo ya fito. Sai dai ɗarin ma yana da masu shi. Idan aka buɗe kokawar takobi ta ƙasa, kusan kwana goma kunnen kowa na jikin rediyo, idon kowa na kan tele, ko kyauta ka yi wasa kujeru za ka yi wa. Shi ya sa suka tsallake kwanakin kokawa. Daga gaba kuma azumi na tafe, darensa na tarawihi ne da tashen yara. Tsakanin waɗannan aka matse Asabar takwas.

To, mene ne ma tsohon wasa? A Faransa amsar ba ta da wuya. Molière ya mutu tun 1673, amma gidan wasan Comédie-Française da aka kafa a 1680 bai daina yin wasanninsa ba har gobe, domin kowace kalma tana nan a rubuce. Ɗan wasa ya mutu, wani ya buɗe littafi ya ci gaba. Ƴan uwanmu na Nijeriya ma suna da abin da za su ɗauko daga kanta. Tun zamanin Turawa Rupert East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa. Shu'aibu Maƙarfi ya bar "Zamanin Nan Namu" da "Jatau Na Kyallu". Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, aka buga shi a 1975. Ɗalibi a Zariya ko Sakkwato zai iya shiga ɗakin karatu ya fito da ɗayansu, ya raba wa abokansa matsayi, su fara gwaji da yamma.

Mu namu ba haka ya zo ba. Gaskiya ne André Salifou, ɗan garin nan da aka sa wa jami'armu sunansa, ya rubuta "Tanimoune" a kan sarkin da ya zagaye Birni da ganuwa, aka buga shi a 1973. Amma da Faransanci ya rubuta, kuma yawancin waɗanda suka ratsa ƙofofin ganuwar ba za su iya karanta shi ba. Teyatur ɗin da ya cika filaye, wanda mai sayar da goro da matar aure da ɗan lakwal suka yi wa dariya tare, da Hausa aka yi shi, kuma ba a rubuta shi ba. Ƴan ƙungiya su kan zauna su zaɓi magana, a ce gado, ko auren dole, ko cin hanci. Su yanka labarin kashi-kashi, su san wa zai shigo, wa zai fita, ina za a tsaya. Abin da kowa zai faɗa kuwa daga bakinsa zai fito a wurin gwaji. Maganar da ta sa ƴan uwa dariya a riƙe ta, wadda ta faɗi ƙasa a bar ta nan. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zo ta zauna da ƙungiyoyin nan, ta fitar da littafi a 1987 inda ta kira abin da suke yi fasahar baka ta zamani. Ta kira shi da sunansa. Ɗan uwan tatsuniya ne da waƙar makaɗa, a bakin mai yi yake zaune.

Kuma ba daga sama ya faɗo ba. Damagaram ta daɗe da wasan kara, inda samari ke naɗa sarkinsu da fadawansa, su ƙera tabarau da bindiga da agogo da karan hatsi, su kwaikwayi tafiyar manya da muryarsu a gaban manyan kansu. Garin da ya saba ganin an kwaikwayi gwamna a gaban gwamna ba zai sha wahalar gane teyatur ba. Da gidan rediyon gwamnati na Damagaram ya tara ƙungiyarsa ta ƴan wasa, sai muryoyinsu suka shiga kowane gida. Sunaye irin su Yazi Dogo, Abdu Lushe da Hajiya Delu sun zama kamar na dangi har a garuruwan da ba su taɓa takawa ba, kuma tsofaffi har yau suna kiran sunan "Gado Ƙarhin Allah" da wani irin murmushi. Bayan Seyni Kunce ya hau mulki a 1974 aka farfaɗo da Samariya, aka kafa bikin matasa na ƙasa da ke zagaya manyan birane shekara-shekara. Unguwa ta kara da unguwa, wanda ya ci ya wakilci gari, wanda ya ci a nan ya tafi gasar ƙasa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa gwamnatin soja tana da saƙon da take son a isar: a yi noma, a daina almubazzaranci, a sa yara lakwal, a haɗa kai. Ƴan wasa sun isar da saƙon. Sun kuma san yadda za su sa ma'aikacin buro mai cewa "komo gobe" ya fito a dandamali, jama'a su yi masa dariyar da ba su isa su yi masa a buronsa ba.

Illar wasan da ba a rubuta ba ita ce ran mai shi ne takardarsa. Idan ɗan wasa ya rasu, an binne shi da rabin wasan. Daga 1990, da "Turmin Danya" ya buɗe hanyar finafinan Kano, kallo ya koma ɗaki, daga baya ya koma tafin hannu. Samariya ta watse, gasa ta tsaya, filayen suka koma wurin biki da taron siyasa. Sauran fatan da ya rage kasat ne. Na taɓa aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa inda aka tara kasat a kwali-kwali a ɗakin ajiya, cikinsu har da wasannin da wani dattijo ya ɗauka da rikodarsa ya kawo kyauta. Wasu zafi ya manne zarensu, wasu ƙura ta cinye. Wasu kuma, lokacin da kasat ya yi tsada, an ɗora musu sanarwar ɗaurin aure da tallar magani a kai. Ka sa kasat ka ji Alhaji ya fara faɗa da yaronsa, kafin ka gyara zama sai ga murya na gayyatar ƴan uwa da abokan arziki walima. Ba mugunta ta sa aka yi haka ba, ba wanda ya ɗauka abin nan dukiya ce.

Saboda haka idan ƙungiya a nan ta ce za ta yi tsohon wasa, aikin da ta ɗauko ya fi na buɗe littafi nauyi. Sai ta nemo waɗanda suka rage daga cikin masu shi, ta zaunar da su, ta roƙe su su tuna. Haka matasan nan suka yi da wasan da zai buɗe tsarin, wanda Samariyar wata unguwa ta yi a farkon shekarun 1980. Labarin mace ce da mijinta ya tafi ci-rani Abijan, yana aiko mata da wasiƙa da manda. Ita ba ta karatu, sai ta kai wa malamin wasiƙa da ke zaune a bakin gidan waya. Shi ke karanta mata, shi ke sa hannu ya karɓo kuɗin, shi ke rubuta amsa. Jika goma ta zama jika biyu a bakinsa, kukanta na yunwa ya zama "muna nan lafiya lau" a alƙalaminsa. Miji na can yana alfahari, mata na nan tana sayar da kwanonin aurenta. Saƙon da aka ba su su isar a wancan lokaci shi ne yaƙi da jahilci.

Mutum biyu suka samu daga cikin ƴan wasan farko: dattijon da ya fito a malamin wasiƙa, da dattijuwar da ta fito a matar. Na je gwajinsu wata Laraba da rikoda saboda shirin al'adu da nake gabatarwa, na tarar ana tsakiyar gardama a kan ƙarshen wasan. Dattijon ya rantse cewa an kama malamin wasiƙa an kai shi gaban hukuma, aka yanke masa hukunci, shugaban Samariya ya fito ya yi jawabi a kan amfanin karatu, aka tashi. Dattijuwar ta girgiza kai.

"Malam, tsufa ya kama ka. Wace hukuma? Ni na shiga karatun dare a ɓoye. Ranar da wasiƙa ta zo na miƙa maka, ka karanta ƙaryarka har ƙarshe, sannan na karɓe ta na karanta da bakina a gaban mutane, ina yi ina tuntuɓe. Rawaninka ma sai da ya faɗi."

"Rawani ya faɗi, wannan gaskiya ne," in ji shi. "Amma a gaban alƙali ya faɗi."

Jagoran ƙungiyar, yaro ne da bai kai talatin ba, ya durƙusa tsakaninsu ya ce, "Baba, Inna, ku yi mana haƙuri, a ina kowannenku ya fi tuna an yi shi?" Nan gaskiya ta fito. Baba yana tuna daren gasa, gaban alƙalan gasa da manyan gari a kujerun gaba. Inna tana tuna dararen da suka yi shi a unguwanni, inda mata suka fi yawa a kan tabarmi. Duk su biyun daidai suka tuna. Wasan ƙarshe biyu gare shi, ɗaya na gaban hukuma, ɗaya na cikin gida, kuma ƴan wasan ba su taɓa zama sun yanke shawarar haka ba. Suna duban fuskokin da ke gabansu ne su san inda za su ajiye labarin. Da an rubuta wasan a lokacin, ƙarshen daren gasa za a rubuta, na Inna ya ɓace. Da kuma ba a tayar da shi bana ba, duka biyun za su tafi tare da masu su. Ƙungiyar ta yanke cewa Asabar ta farko a yi ƙarshen Baba, ta biyu a yi na Inna.

An kuma yi wata gardamar a ranar. Wasu daga cikin matasan sun so a cire wasiƙa a sa waya, wai yau wa ke rubuta wasiƙa, kowa murya yake aikawa ta WhatsApp, kuɗi kuma ta kamfanonin aike suke zuwa. Inna ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "Ƴaƴana, wayar a hannun wa take?" Aka yi shiru. Kowa a wurin ya san ƙauyen da mace ba ta da wayar kanta, lambar karɓar kuɗi kan shigo a rubuce ta wayar ƙanen miji ko ta mai shagon caji, ita sai abin da aka ce mata an turo. Malamin wasiƙa bai mutu ba, tebur ya canza. Suka bar wasiƙar yadda take. A ganina sun yi daidai, domin mai kallo ba yaro ba ne, da kansa zai ɗauki wasiƙar 1980 ya ɗora a kan wayar gidansu, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama masa. Barkwancin da ke tsakani kuwa sabo ne, daga bakin yaran yake fitowa a wurin gwaji kamar yadda na farko ya fito daga bakin su Baba. Dattawan da ke tsoron a ɓata musu wasa su kwantar da hankali. Wasan da aka gina a kan baki, ranar da aka hana shi canzawa ranar aka kashe shi.

Tsohon wasa na biyu daga ƙetaren iyaka ya zo, kuma matsalarsa kishiyar ta farko ce. "Kulɓa Na Ɓarna" na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka buga a 1979, labarin attajirin da ke ruɗin ƴar makaranta da kuɗi har ya raba ta da karatunta da mutuncinta. Wannan a rubuce yake, sunan mai shi na kan takarda, kuma ƙungiyar ta ɗauki alkawarin ba za ta sa masa magana a baki ba. Ga yaran da suka saba sakin baki yadda suka ga dama, hadda azaba ce. Na ga wanda zai fito a Alhajin yana zagaya fili da littafi a hannu kamar mai shirin jarrabawa, da ya zo wurin da yake jin ga wata magana mai daɗi ta zo masa, sai jagora ya ɗaga hannu ya ce babu ita a ciki. Amma a nan suke koyon abin da sakin baki ba ya koyarwa: marubuci ya riga ya auna inda zance zai tsaya, kuma wani lokaci ƙarin da kake ganin gyara ne shi ke kashe abin da ke zuwa gaba. Labarin kansa bai buƙaci gyara ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin makarantar ƴan mata lokacin tashi ya ga motocin da ke jira daga nesa ya san Alhajin nan yana da jikoki.

Sababbin biyu a rubuce suke, da Hausa, kuma wannan kansa labari ne. Marigayi Alfred Dogbé, wanda ya kafa ƙungiyar Arène Théâtre da bikin Émergences a Yamai kafin rasuwarsa a 2012, yana cikin waɗanda suka dage cewa ɗan Nijar ya zauna ya rubuta wasa. Yawancin abin da wannan yunƙuri ya haifar da Faransanci ya fito. Ganin yaran Damagaram sun ɗauki ɗabi'ar rubutun sun kawo ta cikin harshen da masu kallonsu ke mafarki da shi, abin farin ciki ne.

Na farko wata ɗalibar jami'a ce ta rubuta, a kan matan yankin Kance da ke ɗaukar ƴaƴa su nufi Aljeriya neman abin rufin asiri. Ba wanda ya manta Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yarinyar ba ta kai mu hamada ba. Ta ajiye mu a tsakar gidan da aka bari: miji, da uwarsa, da babbar ɗiya da aka cire daga lakwal ta riƙe girki, da waya ɗaya a rataye a jikin ginshiƙin rumfa inda ake samun layi. Kwana tara ba kira. Kowa na da abin da yake ɓoye wa sauran, har da wanda ya ranto kuɗin motar. Babu alƙali a ƙarshe, babu mai fitowa ya yi jawabi. Wannan wasa shi zai biyo bayan na malamin wasiƙa kai tsaye, kuma a nan hikimar tsarin take. Wanda ya zo makonnin a jere zai ga gida ɗaya ne shekara arba'in tsakani. A na farko namiji ya tafi mace na jiran saƙo, a na biyu mace ta tafi namiji na jira. Ba mai buƙatar a yi masa lacca a kan abin da ya faru da gona da damina da kasuwa a tsakanin nan, tambayar za ta bi shi gida da kanta.

Na biyun barkwanci ne, shi zai rufe tsarin. Layin famfo da ƙarfe ukun dare, jarkoki a jere kowace da dutse a kai mai riƙe wa uwargijiyarta wuri, ƴan ga-ruwa da kurarsu, wani mai gadi da ya naɗa kansa sarkin layi, da famfon da tun farkon wasa har ƙarshensa sai tari yake yi. Ɗan Damagaram bai buƙatar a fassara masa wannan. Ƙishin garin nan ya girmi yawancinmu.

A nan ne sababbin ke buƙatar tsofaffin kusa da su. Shekaru da yawa yawancin wasan da matasa ke samun yi na ƙungiyoyin agaji ne: a ba ka saƙo, a ba ka kuɗin mota, ka je ƙauye ka faɗakar. Aikin yana da amfani, ya kuma ciyar da ƴan wasa da dama. Amma ya bar wata ɗabi'a, ta yadda minti biyar da farawa ka san wane ne mugu, ka san abin da za a ce maka ka daina. Su Baba ma da saƙo aka aike su, bambancin shi ne sun san mugu ne ya kamata ya fi kowa daɗin kallo. Malamin wasiƙa yana gyara tabarau, yana jefa Faransancin da bai iya ba, yana yi wa matar nasiha a kan haƙuri da kuɗinta a aljihunsa, kai kuma kana dariya har da hawaye kafin ka tuna ka san irinsa, wataƙila ma a gidanku. A gwajin wasan famfo na ga Baba ya tsayar da yaron da ke sarkin layi ya ce masa, "Ɗana, kana wasan kamar kana jin haushinsa. Shi ba ya jin haushin kansa. A ganinsa ba don shi ba da an yi kisa a layin nan." Yaron ya sake fitowa da ƙirji a gaba, fili ya kwashe da dariya. Wannan darasi babu shi a littafi, daga baki zuwa baki yake tafiya, kuma ba zai tafi ba sai an haɗa masu bakin a fili ɗaya.

Tsofaffin ma suna karɓa. Tsohon teyatur na tsoron shiru, da an ɗan yi tsit sai wani ya jefo magana. A wasan Kance akwai wurin da waya ke ƙara, mutum uku na kallonta, ba mai iya tashi ya ɗauka. Inna ta kalli wurin sau biyu, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce su a zamaninsu ba su san ana iya yin wasa da rufe baki ba. Ta kuma ce a lokacinsu mace na fitowa a dandamali, amma da wuya a ce ita ta kawo labarin tun daga tushe.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda yaro da waya ɗaya zai yi barkwancin minti biyu dubbai su gani kafin gari ya waye. Ban raina wannan ba, wasu daga cikin ƴan ƙungiyar ma daga nan aka san su. Amma ni da ke aiki a bayan makirufo na san abin da ake rasawa idan ba ka ganin wanda kake yi wa magana. Ina iya yin awa guda ina zance ban san ko mai saurare ya yi murmushi ko ya juya tasha ba. Ɗan wasan dandamali a take ake biyansa, a take ake tuhumarsa. Ƙarshe biyun da wasan malamin wasiƙa ya samu, masu kallo ne suka ba shi su da fuskokinsu. Waya ba ta yin wannan, rediyo ma ba ta yi. Kuma akwai bambanci tsakanin ka ga halinka kai kaɗai a ɗaki, da ka gan shi maƙwabcinka na zaune kusa da kai yana dariya yana satar kallonka.

Maganar kuɗi ita ce mai wuya. Dala ɗari-ɗari ba lalle ta biya hayar lasifika da fitilu da man janareto ba, balle a sallami ƴan wasa. Sun san haka, sun kuma ƙi yin shi kyauta, don suna son a saba cewa wasa sana'a ce. A Wagadugu gidan wasan CITO, wanda ƴan wasa suka kafa da kansu tun 1996, ya nuna cewa a ƙasar Sahel ma ana iya riƙe wasa ɗaya makonni mutane na biya suna shiga. Ba a kwana ɗaya suka kai nan ba. Iyayen da ke ɗari-ɗari da barin ƴaƴa mata su fito kuma an yi tunaninsu: ana farawa bayan isha'i, a tashi kafin sha ɗaya, mata da yara na da ɓangarensu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A ɗauki kowane dare da murya da hoto, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. A samu ɗaliban da za su zauna su rubuta wasan malamin wasiƙa daga abin da aka ɗauka, da ƙarshensa duka biyu, a kai ɗakin karatun jami'a, a sa sunayen waɗanda suka ƙirƙire shi tun farko, na raye da na mace. A ba su Baba da Inna haƙƙinsu daga kuɗin ƙofa tun suna iya karɓa da hannunsu, kada a jira sai ranar ta'aziyya a yi ta yabo. Masu shaguna da kamfanonin garin da ke neman inda za su manna sunansu, ga bango nan.

Mu kuma sauran, mu je, mu biya, kada mu tsaya a ƙofa muna neman wanda ya san mu. Wanda ke da tsoho a gida da ya ga zamanin Samariya ya riƙo hannunsa su zo tare, ya zauna kusa da shi. Tsakiyar wasa za ka ji ya yi tsaki ya ce ba haka aka yi ba. Kada ka ce masa ya yi shiru. Idan an tashi, a hanyar gida, tambaye shi yadda aka yi, ka kunna rikodar wayarka. Wataƙila akwai ƙarshe na uku da ba wanda ya tuna da shi sai shi. Allah ya kai mu ɗarin da rai da lafiya.